Tambaya da Amsa: Jitar Family Man Barrett da yadda za a samo muryarta a nan gida

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon daga Kebbi da Zamfara kusan duk a kan jitar bes suke, jitar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ƙirji ke riga kunne jin ta. Makaɗa da masu gyaran kayan sauti da ke kula da wannan fili ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matashi ne, ina koyon bes a wata ƙungiya da ke kiɗan biki. Duk sadda na cika kiɗa da gudu sai maigidanmu ya ce in tai in saurari Family Man. Don Allah wane ne wanga mutum, mi ya yi da ake ta ambatonsa? Daga Tudun Wada, Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam. Maigidanka ya san sana'arsa, ka riƙe shi da kyau.

Sunan mutumin Aston Barrett. An haife shi a Kingston, babban birnin Jamaika, ranar 22 ga Nuwamban 1946, ya rasu a Miyami ta Amurka ranar 3 ga Fabrairun 2024 yana da shekara 77. Duk wanda ya taɓa jin kiɗan Bob Marley na shekarun 1970 ya ji hannunsa, ko da bai san sunansa ba, domin shi ne mai bes ɗin Wailers, ƙungiyar kiɗan rege ta su Marley. Jitarsa ta farko shi ya harhaɗa abarsa da falankin katako da ƙarfen rataya labule, don babu kuɗin saye. Shi da ƙanensa Carlton, wanda ke kan ganguna, sun yi aiki a ƙungiyar Hippy Boys, sannan suka zama makaɗan Lee Perry, mai shirya faifai, a ƙarƙashin sunan Upsetters. A wajen Perry ne suka haɗu da su Marley a aikin ɗaukar faifai wajen 1970, daga nan kuma ba su rabu ba. Da Peter Tosh da Bunny Wailer, abokan waƙar Marley, suka bar ƙungiyar, zuwa 1974 Aston ya zama shugaban makaɗa: shi ke tsara kiɗa, shi ke nemo sabbin hannu, shi ke zama da su a yi ta maimaici har abu ya zauna. Laƙabin nasa ma, Family Man, wato mai iyali, daga wannan hali na tattara mutane ya samo shi, tun bai haihu ba. Yana cikin waɗanda suka yi wasa a filin Rufaro a bikin 'yancin Zimbabuwe cikin Afrilun 1980. Bayan rasuwar Marley a 1981 da kisan Carlton a 1987, ya ci gaba da jan ƙungiyar shekaru masu yawa. Robbie Shakespeare, wanda shi ma ya zama gwanin gwanaye a bes, a wajensa ya koya.

Amma abin da maigidanka ke so ka ji ba tarihi ba ne. Ka sa kowane faifan Wailers na wancan zamani, ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu tare da kiɗan. Za ka lura Carlton yakan bar bugun farko fayau, sai a na uku ya saki gangar ƙafa tare da dukan gefen ƙaramar ganga. Aston kuma yakan kaɗa gajeriyar jimla mai daɗin rerawa, wadda za ka iya bi da baki, sai ya ɗauke hannu ya bar wuri. Wani lokaci shi ma ya ƙi taɓa bugun farko. Shi da ƙanensa kamar mata biyu ne a kan turmi suna lugude, taɓaryar wannan na sama ta waccan na ƙasa, ba su taɓa karo. Shirun nan da yake bari shi ke sa sautin da ya biyo baya ya faɗo da nauyi.

Ga aikin da za ka yi. Ɗauki jimlar da ka saba kaɗawa, ka cire rabin sautukan cikinta. Waɗanda suka rage ka kula da inda kowanne ke ƙarewa, ba inda yake farawa kaɗai ba: ka kashe shi da saukar da yatsan hagu kaɗan daga kan ƙarfen gaɓa, wato siraran ƙarafunan nan da aka gitta a wuyan jita, ba tare da ka saki tsirkiyar ba. Ka yi haka a hankali, bugu 70 zuwa 76 a minti ɗaya, kana ɗaukar kanka a waya kana saurare. Yawancin masu koyo a nan ne suke gano cewa suna riga ganga isa. Shi Aston a bayan bugun yake kwanciya da ɗan kaɗan, kuma wannan ba a samun sa sai da haƙuri.

Abu ɗaya daga rayuwarsa da ya shafi aljihu: a 2006 wata babbar kotu a Landan ta yi watsi da ƙarar da ya kai kamfanin Island Records yana neman fam miliyan 60 na haƙƙin aikinsa, kuma cikin dalilan har da wata yarjejeniyar sasantawa da aka yi a 1994. Mu dai abin ya yi mana ciwo. Kai da ke shiga situdiyo a Gusau ko Kano, kafin ka kaɗa a rubuta ko kuɗin zama ɗaya za a ba ka ko kana da kaso, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ita ka gane ba.

TAMBAYA: Barkanku da aiki. Wace irin jita Family Man ya yi amfani da ita? Tawa ƙirar Sin ce da na saya kwance, siffarta irin ta Fender amma sautinta ƙarau-ƙarau yake fita kamar ana taɓa kwano. Sai na sayi ta asali kafin in samu wannan kauri? Mai kaɗa wa ƙungiyar mawaƙan coci, Zuru.

AMSA: Yawwa, barka kadai ɗan'uwa. Ba sai ka saya ba, ka ajiye kuɗinka tukuna.

Jitar da aka fi saninsa da ita Fender Jazz Bass ce. Kamfanin Fender ya fara fitar da Precision Bass a 1951, Jazz kuma ta biyo baya a 1960. Tsawon tsirkiyarsu ɗaya, inci 34 daga jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita, zuwa mashigin kai. Bambancin shi ne wuyan Jazz ya fi siranta daga sama, inci ɗaya da rabi, kuma tana da maganaɗisun ɗaukar sauti biyu, ɗaya kusa da wuya ɗaya kusa da jaki, kowanne da makunninsa, sai na uku mai rage kaifi. Idan taka kwaikwayon Jazz ce, duk waɗannan kana da su. Katako da sunan da ke kai ba su ne ke ba da mafi yawan abin da kake nema ba. Abu huɗu ne, ga su bisa girman tasirinsu.

Na farko tsirkiya. Akwai mai kaushi, wadda aka naɗe da zagayayyar waya, ita ce ke zuwa a kan kusan kowace sabuwar jita, ita ce kuma ke ba ka wannan ƙarau. Akwai mai santsi, wadda aka naɗe da shimfiɗaɗɗiyar waya, in ka shafa ba ka jin tudu. Mai santsin Aston ya yi amfani da ita. Ka nemi mai lambar kauri 45 zuwa 105, ko 50 zuwa 105 in hannunka na da ƙarfi. Ta fi tsada, kuma da wuya ka same ta a shagunan kusa sai an aiko maka daga Legas ko Abuja, amma tana shekaru a kan jita, kuma tsufa ƙara mata daɗi yake yi. James Jamerson, mai bes na kamfanin faifai na Motown, wanda ya rasu a 1983, irinta ya sa wa Precision ɗinsa ƙirar 1962, kuma ba ya canza ta sai ta tsinke. Ga ƙarin riba a ƙasarmu: ƙura da gumi ba su samun ramin maƙalewa a jikinta.

Na biyu wurin da hannun dama ke taɓawa. Kusa da jaki tsirkiya a ɗaure take, sautinta siriri. Ka matso da hannunka har kan ƙarshen wuya, ka ja da tsokar yatsa ko gefen babban yatsa, a tausashe. Ka yanke farce. Ƙarfin sauti a bar wa amfilifaya, kada a nema da yatsa. In ka finciki tsirkiya da ƙarfi ƙara take yi da fari sannan ta mutu da wuri.

Na uku makunnai. Buɗe na maganaɗisun wuya duka, ka rage na jaki zuwa kwata ko ka rufe shi, ka mayar da mai kaifi ƙasa da rabi. Ka sani in maganaɗisu ɗaya ke aiki shi kaɗai a Jazz, ɗan gurnanin lantarki zai shigo, domin sai an buɗe biyun daidai suke kashe wa juna shi. Ba lalacewa ba ce.

Na huɗu soso. Yanko guntun soson katifa mai faɗin yatsa biyu, tsawonsa ya ratsa duk tsirkiyoyin, ka cusa shi ƙarƙashinsu dab da jaki. Ya taɓa su kawai. In ya matse da yawa sautin zai shaƙe kuma ya ɗan hau sama da inda aka saita shi. Tsofaffin jitocin Fender da irin wannan abin suke fitowa a ƙarƙashin murfin jaki. Idan kuɗin tsirkiya mai santsi bai samu ba yanzu, soso da matsar da hannu kaɗai za su kai ka rabin hanya a ranar Lahadin nan.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Tun da hunturu ya kama, tsirkiyoyin jitata sun yi nisa da wuya har yatsuna na ciwo, kuma bakin ƙarafunan gaɓa na yankar mini hannu. Wani ya ce wuyan ya karye a jefar. Gaskiya ne? Daga Birnin Kebbi.

AMSA: Wa alaikumus salam. Kada ka jefar, Malam. Wuyan bai karye ba, bushewa ya yi. Katakon jita ya fi son laimar iska ta kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturunmu kuwa yakan sauko da ita ƙasa da 20. Katako ya tsuke, ƙarfe bai tsuke ba, shi ya sa bakin ƙarafunan ya leƙo. Sannan tsirkiya huɗu na jan wuyan da nauyin da ya haura kilo 70 dare da rana, to da katakon ya motsa sai ya ƙara rusunawa gaba. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da aka sa domin wannan. Ga yadda ake bi, kuma a bi shi a jere, domin kowane mataki na canza na bayansa.

Ka fara saita sautin tsirkiyoyin daidai, E, A, D, G, ka riƙe jitar yadda kake riƙe ta in za ka kaɗa, ba a kwance a kan tebur ba. Sa wani ya danne babbar tsirkiya a gaɓar farko, kai ka danne ta a gaɓar ƙarshe. Yanzu tsirkiyar ta zama miƙaƙƙen ma'auni. Duba tazarar da ke tsakaninta da saman ƙarfen gaɓa ta 8. Abin da ake so milimita 0.3 zuwa 0.4 ne. Makanikai na da siraran ƙarafunan da suke auna tazarar fulogi da bawul, ka ara. In babu, reza uku a haɗe sun kai kimanin 0.3. Katin ATM kaurinsa 0.76 ne, in ya shige a sake to rusunawar ta ninka yadda ya kamata.

Kan sandar yana can sama wajen kunnuwa ko a gindin wuya. Ka nemi alankin da ya zauna cif, galibi mai milimita 4 ko 5 a jitocin Asiya. Wanda ya yi sako-sako zai cinye ramin, kuma wannan ita ce ɓarnar da muka fi gani. Sassauta tsirkiyoyi kaɗan, ka ɗan juya hagu tukuna don ka ji sandar na motsi, sannan ka juya dama, yadda hannun agogo ke tafiya, kwatan zagaye kawai. Mayar da sauti, ka sake aunawa. Kada ka wuce rabin zagaye a yini guda, katako na buƙatar kwana kafin ya bi. Idan ka ji ta cije ko ta yi ƙara, tsaya nan, ka kai wa mai gyara. Sandar da ta tsinke a ciki gyaranta ya fi kuɗin jitar da yawa daga cikinmu.

Bayan wuya ya daidaita sai tsayin tsirkiya. A gaɓa ta 17, ba tare da danne komai ba, babbar tsirkiya ta yi milimita 2.4 daga ƙarfe, ƙaramar ta yi 2. Ƙananan sukurori biyu da ke kan kowane ɗan jaki, wato ɗan ƙarfen da kowace tsirkiya ke hawa, su ke ɗagawa da saukewa, a juya su daidai da juna kada ɗan jakin ya karkace. Mai son kiɗan rege zai iya barin babbar ta kai 2.8, sautin ya fi fita a buɗe.

Na ƙarshe, gwada kowace tsirkiya a sake, sannan a danne a gaɓa ta 12, kana duba na'urar saita sauti ta waya. In na gaɓa ta 12 ya hau sama, ja ɗan jakin baya, nesa da wuya. In ya gaza, turo shi gaba.

Bakin ƙarafunan kuwa, manna tef ɗin takarda a katakon gefe da gefe, ka goge da ƙaramin zarto mai laushi, kana turawa ƙasa zuwa gefe ɗaya. A hunturu ake wannan aikin, lokacin da suka fi leƙowa, kuma in an yi sau ɗaya an gama. Idan fuskar wuyan baƙin katako ne marar fenti, ɗiga farin man keken ɗinki kaɗan a tsumma ka shafa, bayan minti biyar ka goge tas, sau ɗaya ko biyu a shekara. Ban da man gyaɗa da manja, suna hamami kuma su kama ƙura. In farin katako ne mai sheƙi, busasshen tsumma ya isa. Ka riƙa ajiye jitar cikin jakarta tare da jiƙaƙƙen soso da aka matse, a cikin robar sabulu mai huji. Da damina ta sauka a sake aunawa, domin wuyan zai koma baya, tsirkiya ta fara gogar ƙarfe, sai a sassauta sandar. Kuma zafin Maris da Afrilu na Birnin Kebbi, da ke haura digiri 40, ba a barin jita a but ɗin mota a cikinsa.

TAMBAYA: In muna wasa da janareto, da leɓena ya taɓa makirfo ina riƙe da jita sai in ji wuta ta ja ni. Ga kuma gurnani a sifika. Yaran sun ce haka abin yake. Daga Ƙaurar Namoda.

AMSA: Ba haka yake ba, kuma muna roƙonka kada ka sake hawa dandali sai an gyara. Wannan ya kashe makaɗa. Tsirkiyoyinka a haɗe suke da jikin amfilifaya ta wata 'yar waya da ke ƙarƙashin jaki. Idan amfilifayar ba ta da hanyar zubar da wuta a ƙasa, jikinka ne ke zama hanyar.

Ka kira mai aikin lantarki ya kafa sandar tagulla mai tsawon aƙalla mita 1.2 a ƙasa, ya haɗa ta da jikin janareto da ƙafa ta uku ta kowane soket. Da rani a zuba ruwa a gindinta, busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta sosai. A duba kowane fulogi da wayar jan wuta, duk wanda aka karye wa ƙafa ta uku a canza shi. Amfilifayarka da na'urar haɗa sauti su sha daga layi ɗaya. A sa makatsin nan mai yanke wuta da kansa in ta zurara, mai lamba 30mA. Kafin wasa a ɗora mita tsakanin tsirkiya da kan makirfo, a gani ko akwai wuta, kada a gwada da leɓe.

Gurnanin kuma ga yadda za ka gane tushensa. In ka taɓa tsirkiya ya ragu, wayoyin lafiya suke, ramin makunnan ne ke son a shimfiɗa masa tef ɗin tagulla a haɗa da jikin makunni. In taɓa tsirkiya bai canza komai ba amma taɓa ƙarfen bakin jak, inda ake soka waya a jita, ya rage shi, wayar ƙarƙashin jaki ta cire, a liƙe ta da dalma. In kuwa ƙaruwa yake yi da ka taɓa, an juya wayoyi biyun jak ɗin ne.

A bar janareto ya daidaita kafin a kunna kaya. Amfilifaya ita ce ta ƙarshen kunnawa, ita ce ta farkon kashewa. Wadda aka kawo kwance daga Amurka a duba bayanta: in an rubuta 120V, wutarmu 230 ce, sai da taransifoma mai rage wuta.

TAMBAYA: Sifika biyu na ƙone mini cikin wata uku. Ina laifin yake? Daga Yawuri.

AMSA: Ɗaya cikin uku ne. Ko sifikar ba ta bes ba ce: babbar tsirkiya na kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, sifikar jita ƙarama ko akwati mai buɗaɗɗen baya ba su jure wannan. Ko ka jera sifiku fiye da ƙarfin amfilifaya: biyu masu om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta) in an haɗa su gefe da gefe sun koma 4, biyu masu 4 sun koma 2, alhali yawancin amfilifayoyi 4 ne iyakarsu, kuma a rubuce yake a baya. Ko kuma, wanda muka fi zato, kana murɗe makunnin kauri har ƙarshe don neman irin sautin faifan Jamaika. Ƙarin desibel 12, ma'aunin ƙarfin sauti, a wannan makunni na neman wuta kusan ninki 16. Manyan makaɗa da ka gani a dandali da irin su Ampeg SVT, mai wat 300 da akwatin sifika takwas, suna da abin ɗaukar wannan nauyi. Kai mai wat 100, bar makunnin kauri a tsakiya, ka rage na kaifi, ka ɗan ƙara na tsaka-tsakin ƙasa, ka jingina akwatin kusa da bango. In kana haɗa sifiku biyu, taɓa wayarsu da batir mai 9V ka gani: dole fatunsu su turo waje tare, in ɗaya na shiga ɗaya na fita suna cinye kaurin juna ne.

TAMBAYA: Ranku ya daɗe. Ƙungiyarmu na haɗa kalangu da piyano, yanzu mun samu mai bes, amma da ya shiga sai kiɗan ya cakuɗe, ba a jin abin da kalangu ke faɗa. Mi za mu yi? Shugaban makaɗa, Argungu.

AMSA: Tare da naka, maigida. Kalangu magana yake yi, yana hawa da sauka da karin harshe, don haka duk wanda ya yi ta zuba a ƙarƙashinsa ya rufe masa baki. Abu na farko, mai piyano ya ɗauke hannun hagunsa daga ƙananan sautuka, ko ya kashe bes ɗin da na'urar ke kaɗawa da kanta. Biyu ba su zama a wuri ɗaya, kuma sau da yawa cakuɗewar daga nan take.

Mai bes ɗin kuma ku sa shi ya saurari garayar marigayi Kassu Zurmi, ya ji yadda tsirkiya biyu ke riƙe jimla ɗaya gajera tana dawowa ba gajiya. Irin wannan ake so: sautuka uku ko huɗu daga cikin biyar ɗin da waƙar ke yawo a kansu, a saita su da muryar mawaƙi. Lokacin da jagora ke jan baiti ko kalangu ke kirari, ya tsaya a kan sauti ɗaya ko biyu masu gajarta. Idan 'yan amshi suka karɓa, sai ya cika jimlar. A wajen maimaici ku zauna ku uku kawai, kalangu da mai riƙe bugu da bes, ba piyano ba murya, har sai mai kalangu ya ce yana jin kansa. A na'urar haɗa sauti a rage wa bes abin da ya haura 800Hz (kaɗawa sau 800 a daƙiƙa), a yanke wa makirfon kalangu abin da ya gaza 100Hz, sannan a dawo da sauran kayan ɗaya bayan ɗaya.